Abin da ke raba mai gida da kyamararsa bayan an canza rauta

A 'yan shekarun nan gidaje da shaguna da dama a cikin garin Katsina sun samu na'urorin da ake dubawa ko sarrafawa ta waya. Akwai kyamarorin tsaro a bakin ƙofa, akwai ɗan abin da ake maƙala wa inbata domin a ga ƙarfin batir daga nesa, har da soket ɗin da ke kunna injin tura ruwa zuwa tanki. Mai gida yana Kano ko Abuja, ko ma ya tafi Umara, amma yana ganin wanda ya tsaya a ƙofarsa. Dukkan wannan ya rataya ne a kan rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida, kuma ranar da aka canza ta, ko don tsohuwar ta ƙone ko don an koma wani kamfanin intanet, sai manhaja ta nuna cewa komai ya mutu, alhali fitilun na'urorin suna ci. A mafi yawan lokuta na'urorin lafiyarsu ƙalau. Abin da ya yanke hanya ce, kuma hanyoyin biyu ne: ta cikin gida da ta waje.

Ta cikin gida ita ce mai sauƙi. Kowace kyamara da kowane soket ya haddace suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, wato na Wi-Fi ɗin da aka haɗa shi da shi tun ranar farko, kuma ba zai nemi wani ba. Saboda haka, maimakon a ɗauko tsani a bi kyamarori ɗaya bayan ɗaya ana danna maɓallin mayar da su sababbi, sai a shiga saitin sabuwar rauta a ba ta sunan tsohuwar da kalmar sirrinta, harafi da harafi, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsu. Da zarar an yi haka, yawancin na'urorin sukan dawo da kansu cikin mintuna kaɗan.

Waɗanda suka ƙi dawowa, sai a duba zangon da rautar ke watsawa. Galibin ƙananan na'urorin gida masu araha zangon gigahaz 2.4 kaɗai suke ji, wanda ya fi ratsa bangon bulo da siminti, yayin da sababbin rautoci ke zuwa da zango biyu, 2.4 da 5, sau da yawa a haɗe ƙarƙashin suna ɗaya. Waya tana hayewa na 5, kyamara kuwa ba ta ma ganinsa, sai haɗawa ta gagara. Maganinsa a raba zangunan biyu, kowanne da sunansa, a bar tsohon suna a kan na 2.4. Haka nan tsarin tsaro na WPA3, wanda ya fito a 2018, tsofaffin na'urori da yawa ba su san shi ba, don haka ya fi dacewa a mayar da rauta kan WPA2 ko a zaɓi wanda ya haɗa biyun.

Akwai kuma na'urorin da ba ruwansu da Wi-Fi, kamar akwatin DVR da ke naɗar hotunan kyamarori, wanda ake jona shi da rauta ta igiyar wayar intanet. Na ga irin wannan a shagon kawuna da ke wajen Kofar Kaura. Ya kira ni daga Legas ransa a ɓace, ya ce tun da yaran shago suka sa sabuwar rauta bai sake ganin komai ba, kuma har an ba shi shawarar ya sayi sabon akwati. Na ce masa, "Kawu, a dakata da sayen tukuna, bari in je in duba." Da na isa na tarar talabijin ɗin da ke jone da akwatin yana nuna kyamarori huɗun tangaran, wayar intanet kuma tana ƙifta koren haske a bayan rauta. Da na buɗe saitin sadarwa na akwatin, sai ga adireshin da mai sakawa ya rubuta masa da hannu, mai farawa da 192.168.1, alhali sabuwar rauta tana raba adireshi masu farawa da 192.168.8. Waya a jone take, amma babu mai jin wani. Na sa alama a wurin da ke cewa akwatin ya riƙa karɓar adireshi daga rauta da kansa, wanda ake rubutawa DHCP, na kashe na kunna. Kafin in fita daga shagon ya sake kira yana cewa, "Allah ya yi maka albarka, ga ka nan ina kallon ka."

Hanyar waje ta fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan ne masu tsohon saiti suke shan wahala. A da, masu saka kyamara sukan buɗe wata ƙofa a cikin rauta, su ce duk wanda ya zo daga intanet ta lamba kaza a miƙa shi ga akwatin DVR. Wannan saitin yana zaune ne a cikin tsohuwar rauta, kuma ya tafi tare da ita. Wani zai ce ai sai a sake yin sa a sabuwar, amma idan rautar mai sim ce, ko ta 4G ko ta 5G, da wuya ya yi aiki. Dalili shi ne adireshin intanet na tsarin IPv4 ba su wuce kusan biliyan 4.3 ba a duniya baki ɗaya, kuma sun daɗe da yin ƙaranci, shi ya sa kamfanonin layin waya suke haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Lamarin kamar babban gidan haya ne mai zaure ɗaya: kowane ɗan haya yana iya fita ya dawo da saƙonsa, amma baƙon da ya zo ya yi sallama a zaure bai da yadda za a san ɗakin wa yake nema. Starlink ma, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, a kan wannan tsari yake sa masu kunshin gida na yau da kullum.

Ana iya gane haka ba tare da kiran kowa ba. A shiga shafin rauta a duba adireshin da kamfani ya ba ta. Idan ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, wato zangon da aka keɓe wa wannan tsari tun 2012, ko ya fara da 10, ko kuma ya saɓa da adireshin da shafukan duba adireshin intanet (IP) ke nunawa, to buɗe ƙofa ɓata lokaci ne.

Ni kam ban ga abin baƙin ciki a rufewar waccan hanya ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci a faɗin duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Kyamarar da ke kallon tsakar gida, inda iyali ke harkokinsu, ba abin da za a bari a buɗe ga kowa ba ne. Hanyar da ta fi dacewa da yawancinmu ita ce wadda na'urar da kanta take fita ta nemi sabar kamfaninta, wato babbar kwamfutarsa da ke intanet, waya kuma ta same ta a can, kamar yadda manhajar Hik-Connect ke yi wa kayan kamfanin Hikvision, manhajar Smart Life kuma ke yi wa soket da fitilu masu tsarin Tuya. Tun da daga ciki aka fara kiran, CGNAT ba ya tare shi. Wanda bai yarda hotunan gidansa su bi ta hannun wani kamfani ba, zai iya sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorin mutum ta keɓaɓɓiyar hanya, a wata ƙaramar kwamfuta da ke kunne kullum a gida, ko ya tambayi kamfanin intanet ɗinsa ko suna sayar da adireshi na kansa.

Sai dai a kula da asusun da aka ɗaura na'urar a kai. Masu sakawa da yawa sukan yi rajista da lambar wayarsu domin aiki ya yi sauri, kuma irin waɗannan na'urori sukan ƙi shiga sabon asusu sai an cire su daga na farko. Ranar da ake buƙatar sake haɗawa, idan mai sakawa ya canza layi ko ya bar gari, aiki ya tsaya. Tun ranar farko mai gida ya nace a yi da lambarsa ko imel ɗinsa.

Bayan an gama duka, kada a gwada ana tsaye a falo waya tana kan Wi-Fi na gida, domin a haka kusan komai zai yi kamar yana aiki. A kashe Wi-Fi na wayar, a kunna datarta, sannan a buɗe manhaja. A kuma tabbatar cewa sabuwar rauta tana kan layin inbata tare da akwatin DVR, ba a soket ɗin da ke mutuwa idan an ɗauke wuta ba, sannan a sanar da wani amintacce a gida ranar da datar rautar za ta ƙare da lambar sim ɗin da ke cikinta, yadda zai iya saka mata kuɗi idan mai gida yana kan hanya.