Ɗacin Safiya a Kiringan

Mura ce ta kai ni Kiringan. Sarin yadin batik na je birnin Yogyakarta na ƙasar Indonesiya a watan Janairu, tsakiyar daminarsu, ruwa ya yi mini dukan tsiya a kan babur, na kwana ina atishawa. Da gari ya waye mai masaukina ya ce in shirya, ƙauyen su matarsa za mu, wato Kiringan, a yankin Bantul, kudu da birnin.

Ba mu yi awa guda a hanya ba, gonakin shinkafa hagu da dama. A tsakar gidan muka tarar da wata dattijuwa durƙushe gaban dutsen niƙa, kurkur ya rine mata tafin hannu ya koma ruwan ɗorawa. Tun kafin asuba take aikin. Jiƙon gargajiyar da take haɗawa shi suke kira jamu, masu tallarsa kuma jamu gendong, wato jamun goyo, don da gyale suke ɗaure kwandon kwalabe a baya kamar jariri. Yanzu dai yawancin matan Kiringan keke ko babur suke hawa.

"Monggo, Mas," ta ce, ta miƙo mini ƙoƙon kwakwa. Bismillarsu ke nan.

Na kafa kai ban tambaya ba. Wayyo! Ko maɗaci albarka. Pahitan ne, jiƙon ganyen sambiloto da karan brotowali. Tana dariya ta cika ƙoƙon da kunyit asam, kurkur da tsamiya da sukarin kwakwa mai kama da mazarƙwaila. Wannan kam sai da na nemi ƙari, don tsamin ya tuna mini kunun tsamiyar azumi.

Ina zaune maƙwabta suka yi ta shigowa, kowa ta san nasa ba sai ya faɗa ba. Wani manomi ta ba shi beras kencur, niƙaƙƙiyar shinkafa da wani ɗan'uwan citta, na gajiya. Duk cikinsu ni kaɗai ne mara lafiya, ta kuwa lura. Ta sa mai masaukina ya tambaye ni: a garinmu sai mutum ya kwanta yake neman jiƙo? Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Su kullum safe suke sha don ƙarfafa garkuwar jiki. Lokacin korona a 2020 har citta da temulawak, wani ɗan'uwan kurkur, suka yi tsada, shugabansu na wancan lokacin, Joko Widodo, ya ce shi ma sau uku yake sha a rana. A Disambar 2023 UNESCO ta saka jamu cikin al'adun da duniya ta gada, dattijuwar dai ko zancen ba ta yi ba.

A dawowa muka ratse garin Imogiri na sayi wedang uwuh, ma'anar sunan shayin shara, saboda tarkacen ganye, citta, kanumfari da itacen secang da ke mayar da ruwan jajir. Murar sai da ta ƙara kwana uku kafin ta sake ni. Wedang uwuh ɗin ƙulli goma na cusa tsakanin yadudduka, har yau kayan suna ƙamshin kanumfari.