Godiya bayan jinyar ƙanena

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallamo autanmu daga asibiti, yana gida yana ƙara murmurewa. Ina wannan godiya a madadin Hajiyarmu da ɗaukacin gidanmu.

Ga masu tambayar abin da ya same shi: da ciwon maƙogwaro ya fara, irin wanda ake sayen magani a kemis a manta. Sai zazzaɓi da makyarkyata, gefe guda na wuyansa ya kumbura, numfashi ya soma sarƙewa. Har an fara zancen kiran wanzami ya cire belu. Gwaggonmu, tsohuwar nas, ita ta kafe ta ce sai asibiti. Gwaggo, Allah Ya biya ki da Aljanna.

Hoton wuya ya nuna ƙwayar cuta ta ratsa daga maƙogwaro zuwa babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai, jini ya yi guda a ciki, ɓarɓashinsa na gangarawa huhu. Ciwon Lemierre ake kiransa, sunan likitan Faransa da ya yi bayaninsa a 1936. Cikin majinyata 20 da ya rubuta labarinsu, 18 sun rasu, don a lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kuma matasa masu jini a jika ya fi kamawa.

Babban likitan ɗakin ne ya fi tsaya mini a rai. Ya zaunar da ni da Hajiya, ya yi mana magana da Hausa, ba gaggawa. Ya ce maganin kashe ƙwayar cuta da ake ɗurawa ta jijiya shi ne ginshiƙi, za a yi makonni ana bayarwa, wannan babu jayayya. Amma maganin hana jini daskarewa, likitoci su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba, domin ciwon ba kasafai ake ganinsa ba balle a yi babban gwaji a kai. Wani gudan na bajewa ba tare da shi ba, maganin kuma na iya jawo zubar jini. Saboda haka suka dakata suna sa ido. Da hoto na biyu ya nuna gudan na haurawa wajen kai, suka sake auna jininsa, suka nemi amincewarmu, sannan aka fara maganin hana daskarewar da allurar heparin a fatar ciki, daga baya aka koma ƙwayar warfarin. Likitan da zai faɗa maka inda ilimi ya tsaya, ni a wurina ya fi mai cika baki. Likita, Allah Ya ƙara basira, Ya raya zuri'a.

Nas-nas na dare, 'yan ɗakin gwaji, masu shara da ke gaishe shi kullum safe, mun gode. Jama'ar masallacin unguwa da suka yi karo-karo, 'yan ajinsu, maƙwabtan da ba su bar kwanon jinya ya bushe ba, Allah Ya bar zumunci.

Roƙo ɗaya ga masu zuwa dubiya: yana kan maganin hana jini daskarewa har yanzu, ana auna jininsa lokaci-lokaci. Don Allah kada a kawo masa jiƙo ko sassaƙe, kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, ƙaho kuwa sam. Wanda ya ga yana haɓo ko dasashinsa na jini, ya kira ni nan take.

Waɗanda muka baro a kwance a ɗakin, Allah Ya tashi kafaɗunsu. Amin.