Yadda na kashe fitilar birki bayan an canza takalmi

Motata BMW ce ƙirar E90, 'yar Kwatano. Da takalman birkin gaba suka cinye, na kai ta gareji aka sa sababbi, birki ya kama tsaf, amma alamar gargaɗi a dashbod ta ƙi ɓacewa. Bakaniken ya ce, "Alhaji, bari in haɗe wayoyin nan biyu kawai, ba za ka ƙara ganinta ba." Na ce masa a'a, Malam, bar su yadda suke.

Ga dalilina. A wannan motar akwai ɗan sensa da ke maƙale a jikin takalmin, ɗaya a ƙafar gaba ta hagu, ɗaya a ta baya ta dama. Siririyar waya ce a cikin roba. Yayin da takalmi ke cinyewa, faifan birki yana gogar robar har ya tsinke wayar, daga nan kwamfutar motar ta kunna fitila. Wanda ya tsinke ya gama aiki, sai sabo. In aka haɗe wayoyin, fitila za ta mutu, amma motar ta daina sanin halin da birkinta ke ciki ke nan, ranar da takalmi ya ƙare sai dai ka ji ƙarfe na cin ƙarfe, wataƙila da iyali a baya.

Na je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na sayo sabon sensa, aka ɗaura. Sauran aikin a kujerar direba na yi shi. Na rufe ƙofofi, na danna maɓallin kunnawa ba tare da taka birki ba, don wuta ta kawo amma inji bai tashi ba. Na danne ɗan maɓallin goge kilomita kamar daƙiƙa 10 har alamar sabis ta fito. Da ɗan makunnin da ke sandar tirafiketa na riƙa juyawa har na kai hoton birkin gaba, na danna maɓallin da aka rubuta wa BC a ƙarshen sandar, na sake dannewa har kwamfutar ta karɓa. Sabon lissafin kilomitar da ta rage wa takalmin ya bayyana.

A jerin nan na ga man birki ma yana da nasa lokacin, shekara 2, saboda yana tsotsar danshi ya rage ƙarfi. Shi ban taɓa ba, tunda ba a canza shi ba. Sai daga baya da aka zuba sabon man birki nau'in DOT 4 aka fitar da iska daga ƙafafun huɗu sannan na goge nasa.