Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ranar da Kalkuleta Ta Rushe Min Gida

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya ne a inda Alhaji mai gidan da muke haya a unguwar Ɗorayi a Kano ya aiko yaronsa da takardar ƙarin kuɗi, daga dubu 180 zuwa dubu 250 a shekara, wai in ba za mu iya ba akwai masu so. To daga nan za mu ɗora.

A daren nan barci ƙaurace min ya yi. Lokacin 2019 ne, shekarata 44 a duniya, shekara 16 ina aikin gwamnatin tarayya, 'ya'ya biyar, kuma wannan ne gidan haya na huɗu da muka zauna tun aurenmu, duk tashi sai wani abu ya karye, har kabad ɗin auren maman Ummi sai da ta koma tana tsayuwa a kan bulo. Da safe na je ofis fuska a murtuke, wani abokin aikina da muke tebur ɗaya ya ce wai ni da ake yankar min kuɗin gidaje duk wata me nake jira. Na ce wane kuɗin gidaje? Ya ce ɗauko takardar albashinka. Wallahi shekara da shekaru ina ganin haruffan nan NHF a jikin takardar, dubu ɗaya da 'yan kai ake cira, ban taɓa tambaya ba, na ɗauka irin yanke-yanken nan ne da ba a bin kadinsu.

Shi ya warware min zare da abawa. Asusun gidaje ne na ƙasa da aka kafa da doka tun 1992, ana cirar kashi 2.5 cikin ɗari na gundarin albashin ma'aikaci, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya wato FMBN ke riƙe da kuɗin. In ka yi wata shida kana zubi ka cancanci neman bashi, ruwansa kashi 6 cikin ɗari a shekara, ana iya biya har shekara 30, kuma a lokacin ana bayarwa har naira miliyan 15. Ba kai tsaye kake zuwa ba, sai ta hannun ɗaya daga cikin ƙananan bankunan jinginar gidaje masu lasisi.

Duk bayanin nan da ya yi, abu ɗaya kunnena ya ɗauka: miliyan 15. Kalmar "har" ɗin nan da ke gabanta ko jin ta ban yi ba.

Kuskuren da na yi, kuma har gobe in na tuna sai na ji kunya, maimakon in fara zuwa banki a faɗa min matsayina sai na fara da dillalai. Ai kuwa kamar jira suke. Sati biyu ana yawo da ni a bayan babur, Sabuwar Gandu, Ɗanbare, Rijiyar Zaki, duk inda aka je sai na ba da na mai. A Rijiyar Zaki muka ga wani gida, ɗaki uku da falo, kowane ɗaki da banɗakinsa, ga tayil har tsakar gida, ga rijiyar burtsatse, ga 'yar bishiyar mangwaro a gefe. Miliyan 14 aka ce, aka yi ciniki ya dawo 13 da rabi ban da la'ada. Dillalin sai wani "ranka ya daɗe" yake zuba min, ni kuma ina ta gyaran hula kamar kuɗin na aljihuna.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Ranar Asabar na kwashi maman Ummi da yara a adaidaita na kai su. Ta shiga ɗaki ta fita, ta buɗe famfon kicin ta rufe, ta ce "Abban Ummi, wannan ɗakin na kusa da ƙofa shi za a ba su Abba, samari ne, kar su riƙa ratsa mana falo." Da ɗankwalinta ta auna tagogi saboda labule. Autarmu kuwa ta riga ta ce mangwaron nata ne.

Ranar Litinin na tafi bankin, ba zan faɗi sunansa ba, da fayil ɗina a hammata. Wani matashi ne ya karɓe ni, da ganinsa na girme shi da aƙalla shekara goma sha biyar, mai ladabi ƙwarai. Ya karɓi takardun albashina na wata uku ya duba, ya ce "Yallaɓai nawa ne ke shigowa hannunka bayan an gama yanke-yanke?" Na ce dubu 96. Ya ce shekararka nawa? Na faɗa. Sai ya jawo kalkuleta.

Ya ce ƙa'ida ita ce abin da za a riƙa cira duk wata kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, don a bar maka na cefane. Kashi ɗaya cikin ukun dubu 96 shi ne dubu 32. Na ce to madalla, a buga a shekara 30. Ya ɗan yi murmushi ya ce ai shekara 30 ɗin ta wanda ke da sauran shekara 30 a gaba ce, ni ritaya zan yi in na cika 60, saura 16 kenan, kuma a nan lissafin zai tsaya. Ya danna ya danna ya juyo min da fuskar kalkuletar. Miliyan 3 da dubu ɗari tara da 'yan kai.

Na ce ɗan'uwa ko dai ka manta da wani sifili ne?

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce bari in nuna maka ta ɗaya gefen. Wanda zai ɗauki miliyan 15 cif a shekara 30, duk wata zai biya wajen dubu 90, kenan sai albashinsa ya kai dubu 270. Ni kuma in na ce sai na ɗauke ta a shekara 16, biyan wata zai haura dubu 120, ya fi albashin nawa gaba ɗaya. Ku tuna a shekarar ce Buhari ya sa hannu aka mai da mafi ƙarancin albashi dubu 30. Ya ƙara da cewa ko da na cancanta, bashin da ya wuce miliyan 5 sai na ajiye kashi 10 cikin ɗari daga aljihuna, ga kuɗin masu ƙiyasta darajar gida, ga na lauya, ga inshora. Ni da a asusuna dubu 140 ce, ita ma ta adashe ce da na ɗauka.

Ban san lokacin da na cire hula na ɗora a gwiwa ba. Esi na ta aiki ni kuwa gumi nake.

Amma fa ban saduda a ranar ba. Na ce to shi kenan, a ba ni miliyan 3 da ɗari taran, a nemo gida daidai ita. Kuma akwai su a lokacin, ciki biyu da ɗan tsakar gida a can bayan Gaida ko cikin Sheka, lungu ne dai mota ba ta shiga amma naka ne. Na koma wajen dillalai, wannan karon "ranka ya daɗe" ta koma "Malam", aka samo min wani na miliyan 3 da rabi. Na kai wa yaron bankin takardunsa, ya juya su gaba da baya ya ce ina shaidar mallakar? Na ce ga ta nan, takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu huɗu. Ya ce wannan a unguwa takarda ce, amma banki ba ya riƙe ta jingina, sai ta gwamnati mai sa hannun gwamna, wadda ake cewa si-of-o, domin tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamnan jiha take, ko jinginarwa za ka yi sai da yardarsa.

To a nan ne fa kaina ya ɗaure. Duk wanda ya san Kano ya san yawancin unguwannin da irinmu ke iya saye awon igiya ne, gona ce magada suka yanka suka sayar, ba wanda ya taɓa zuwa ma'aikatar ƙasa. Gidan da ke da takardar da banki ke so, kuɗinsa ya fi ƙarfin albashina. Gidan da albashina zai iya, ba shi da takardar. Na yi ta juya maganar nan a raina kwana da kwanaki kamar mai tauna tsakuwa, ta ko'ina na ɓullo sai in tarar da ƙofa a rufe. Ban ce tsarin ba ya amfanar kowa ba, na san waɗanda suka samu a rukunin gidajen da aka gina da takardunsu, amma galibi ko dai matasa ne masu dogon zango a gaba ko masu albashi mai kauri. Kwanaki ma na ji an ɗaga iyakar zuwa miliyan 50, na yi dariya ni kaɗai na ɗauko kalkuletar wayata, biyan wata kusan dubu 300, albashin da ake nema wajen dubu 900, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama dubu 70 a 2024. An ɗaga rufi ne kawai, tsanin yana nan yadda yake.

Ranar Juma'a bayan an sauko na biya gidanmu a cikin gari. Na tarar da Yaya a wajen Inna, na kwashe komai na faɗa musu. Inna ba ta bari na kai ƙarshe ba, tana jin kalmar ruwa ta ce "Kai yanzu da ruwa za ka gina inda 'ya'yanka za su yi salla? Allah ne ya tsare ka." Na ce Inna ai kaɗan ne, kashi shida ne, bankunan kasuwa sun ninka haka sau uku ko fiye. Ta ce ita ba ta san kaɗan ba. Gaskiya maganar ta daɗe tana sukata tun kafin ta faɗa, na dai danne ne saboda tayil da burtsatse. Akwai bankunan da ba sa harkar ruwa, Jaiz ya fara aiki tun 2012, sai dai ko ina ka je albashin nan dai shi za a ɗora a sikeli.

Yaya kuwa shiru ya yi har na gama, shi birkila ne, bai yi boko mai nisa ba amma gida biyu gare shi. Ya ce "Dubu talatin da biyun da aka ce za ka iya biya duk wata, da gaske za ka iya?" Na ce in na matse zan iya, Yaya. Ya ce siminti yanzu buhu nawa? Na ce wajen dubu biyu da ɗari biyar. Ya ce to lissafa, kai ne ɗan boko. Buhu goma sha biyu da canji kenan duk wata. Da na san buhun nan zai haura dubu goma a farkon 2024 da na rungume shi a wurin.

Saura babban aiki, faɗa wa maman Ummi. Kwana tara ina ɓoyewa, kullum ta tambaya in ce ana kan takardu. A daren na bari yara suka yi barci na zaunar da ita na faɗa mata tiryan-tiryan, har da lissafin. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta tashi ta buɗe kabad ɗin nan mai tsayuwa a kan bulo ta ɗauko wata leda, ashe har ta sayi yadin labulen, ruwan toka mai ratsin zinare, da kuɗin ɗinkinta. Ta ce "Abban Ummi, da ka bari sai ta tabbata kafin ka kai yaran." Ta mai da ledar ta rufe.

Washegari da sassafe ko karyawa ban yi ba na ji hon ɗin babur ɗin Yaya a ƙofar gida. Ya ce hau mu je. Muka miƙi titin Gwarzo, muka wuce Rijiyar Zaki na kau da kai, muka wuce sabuwar jami'ar Bayero, muka wuce Janguza, na ce Yaya wai ƙauye za ka kai ni? Ya sauka daga kwalta ya shiga wata burtali, can ya tsaya a bakin wata gonar dawa da ko girbe ta ba a yi ba, ba wuta ba ruwa, sai wani tsoho a gindin ɗorawa riƙe da igiya.

Yadda muka kwashe da tsohon nan, da rigimar da ta tashi da wani ɗan'uwansa ya dawo daga Legas ya ce ba da saninsa aka yanka gonar ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.