Baƙar fata a bangon littafi ba ta isa ba: darussa daga aikin zaɓar wa yara abin karantawa

A 1965 Nancy Larrick, wata masaniyar ilimi Ba'amurkiya, ta duba littattafan yara 5,206 da aka buga a Amurka tsakanin 1962 da 1964, ta tarar 349 ne kawai ke da baƙar fata a ciki, ko da mutum ɗaya. A 1985 cibiyar nazarin littattafan yara ta Jami'ar Wisconsin ta ƙirga kusan 2,500 da suka fito a shekarar, 18 kacal baƙaƙen fata suka rubuta ko suka zana wa hotuna. Yau littattafan sun yawaita, wahalar ta koma wurin zaɓi. Malami ko mai kula da laburare da ya cika kanta don kawai ya ga baƙin yaro a bango, da wuya zango ya ƙare bai samu littafin da aka dawo masa da shi da ƙorafi ba.

Abu na farko shi ne shekaru. Masu buga littattafai a Amurka sun raba su gida biyu, na 'yan 8 zuwa 12 da na 'yan 12 zuwa 18, amma bangon ba ya faɗin gaskiyar abin da ke ciki. The Hate U Give na Angie Thomas, wanda ya fito a 2017, labarin Starr ne, 'yar shekara 16 da ɗan sanda ya harbe abokinta a gabanta. Littafi ne mai ƙarfi, sai dai akwai ashar a ciki, bai dace da 'yar aji shida ba. Ghost na Jason Reynolds kuwa na ƙanana ne, a kan yaro mai tseren gudu, amma tun babin farko uban yaron ya bugu ya bi shi da uwarsa da bindiga. Don haka kafin littafi ya hau kanta, a karanta babin farko, babi ɗaya daga tsakiya, da shafi 20 na ƙarshe. A rubuta a ɗan kati: shekarun jarumin labarin, da ko akwai ashar, kisa, shaye-shaye, soyayya ko tsafi. Wannan katin shi ke ba ka amsa ranar da uba ya zo da littafi a hannu yana tambaya.

Darasin da ya fi nauyi shi ne na yawan baƙin ciki. Wanda ya bi jerin littattafan da suka ci kyauta kawai, irin kyaututtukan littattafan yara na Amurka, ta Newbery ko ta Coretta Scott King da aka fara bayarwa a 1970, zai iya tarar da kantarsa ta cika da bauta, wariya da kisa. Littattafan nan suna da kyau, dole yara su san tarihin. Amma yaro ɗan 11 da duk baƙin da ya gani a littafi ana dukansa ne ko ana korarsa, a hankali zai ɗauka cewa abin da baƙar fata ke nufi ke nan. Abin ya fi muni ga 'ya'yanmu da ke karatu a Landan ko Amurka, inda yaro kan zama shi kaɗai ne baƙi a aji: da an zo babin bulala sai idanu su juyo kansa. A ganina, cikin littattafai 30 kada na bauta da wariya su wuce 10. Sauran su zama na wasanni, na makaranta, na ban dariya, na almara da na tarihin rayuwar mutanen da suka yi wani abu. Marley Dias, wata yarinya a Amurka, tana 'yar shekara 10 a 2015 ta fara tara littattafai 1,000 da yarinya baƙa ce jarumarsu, saboda ta gaji da abin da ake ba su a makaranta. Yara da kansu sun san abin da ya ɓace musu.

A 1990 Farfesa Rudine Sims Bishop ta ce littafi yakan zama wa yaro madubi, yakan kuma zama taga. Ga inda ake yawan kuskure a ɓangarenmu: ana ɗaukar littafin baƙar fatar Amurka a matsayin madubin yaron Kano ko Damagaram, alhali a wurinsa taga ce. Ɗauki Roll of Thunder, Hear My Cry na Mildred Taylor, wanda ya ci Newbery a 1977. Labarin yana Mississippi a 1933. Cassie da 'yan uwanta suna tafiya makaranta a ƙasa, motar 'yan makarantar Turawa tana watsa musu taɓo. A aji aka raba musu tsofaffin littattafan da Turawa suka gama da su, a cikin bangon an jera launin fatar waɗanda suka yi amfani da su shekara bayan shekara, ƙaramin ƙaninta ya jefar da nasa ya tattake. Yaronmu ya san tafiya makaranta a ƙasa, ya san yagaggen littafi, saboda haka sai ya rasa abin fushin, har ya ce yaron ba shi da kunya. Abin da bai sani ba shi ne doka ce ta raba makarantun. Minti 10 kafin a buɗe littafin sun isa: a nuna kudancin Amurka a taswira, a faɗi cewa an soke bauta a 1865 amma dokokin wariya sun ci gaba har zuwa dokar 'yancin jama'a ta 1964.

Madubin kuwa yana kusa. Chike and the River na Chinua Achebe, yaro mai burin ƙetare Kwara daga Anacha zuwa Asaba. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda labarinsa ke arewa. Sai Magana Jari Ce da harshen gida. Akata Witch na Nnedi Okorafor, a kan yarinya zabiya da aka haifa a Amurka aka dawo da ita Aba, yana tsakani, sai dai tsafi ya yi yawa a ciki, a rubuta hakan a kati.

Sai harshe. Hirar mutanen cikin littattafan nan sau da yawa da karin Turancin baƙaƙen Amurka ake rubuta ta. Malami yakan ce kuskure ne, ɗalibi kuma yakan kwafa ya zuba a jarrabawa. A karanta shafi ɗaya da murya, a bayyana cewa kari ne mai nasa ƙa'idojin, kamar yadda Sakkwatanci yake a gefen Daidaitacciyar Hausa. Kalmar nan ta zagin baƙar fata tana cikin littafin Taylor. A yanke shawara tun kafin a shiga aji cewa ba za a furta ta ba, a kuma gaya wa yara dalili.

Yaron da ba ya son karatu kada a fara masa da mai shafi 400. The Crossover na Kwame Alexander a tsarin waƙa aka rubuta shi, a kan tagwaye 'yan ƙwallon kwando, shafukan duk fili. New Kid na Jerry Craft labari ne da zane, shi ne irinsa na farko da ya ci Newbery, a 2020. Wannan ce amsa ga iyayen da ke cewa katun ba karatu ba ne. Don gwada wahala, yaro ya karanta shafi ɗaya yana naɗe yatsa a duk kalmar da bai sani ba. In yatsu biyar sun ƙare kafin shafin, a ajiye masa sai baɗi. A ƙarshen zango a duba rajistar aro: wanda ake layi a kansa a sayo kwafi na biyu a liƙe bayansa da salatif, wanda ba a taɓa ba a karanta babinsa na farko a aji kafin a sauke shi daga kanta.