Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Jemagun Silin Ɗinmu

A makon jiya na tsaya a inda muka tare a gidan haya na Tudun Wadan Zariya, wata biyu da ɗaurin aurena. Daminar 2014 ce, lokacin da labarin Ebola ya cika rediyo, har mutane suka riƙa tashi cikin dare suna wanka da ruwan gishiri. A wannan tsakanin na fara jin motsi a silin. Da magariba sai tsuwa, sai wani baƙin abu kamar ƙwayar shinkafa yana zubowa ta gefen katako, ga zarni.

Ranar da na ga jemagu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin kwano, jikina ya yi sanyi. Na taso ina jin cewa jemage makaho ne, ta baki yake kashi, yana shan jinin mai barci, in kuma ya tare a gida to da hannun wani a ciki. Inna, mahaifiyar maigidana, da ta gani sai ta ce, "'Yar nan, wannan ba banza ba. Ɗakin amarya da jemage?" Ta kawo turare da rubutu. Ban ga laifinta ba, ni ma abin da ke raina ke nan.

Shi kuwa maigidan da tsakar rana ya hau tsani ya toshe ramin da siminti, alhali suna ciki. Kwana uku ɗakin ya ƙi shiguwa don wari. Ya ɓalle silin, ya sa tsintsiya ya share busasshen kashin, hanci a buɗe, ƙura ta turnuƙe shi. Bayan kwana goma ya kwanta, zazzaɓi da tari.

Maƙwabcinmu, wani tsohon likitan dabbobi da muke ce wa Baba, ya shigo dubiya. Na zayyana masa komai, har da zancen jifa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "'Yata, abin da kuka ji tsoro daban, abin da ya kamata ku kiyaye daban." Ya ce jemagu sun haura iri 1,400 a duniya, masu shan jini iri 3 ne kacal, dukkansu a nahiyar Amurka, daga Meziko zuwa kudu. Namu na silin ƙwari suke ci, har da sauro. Suna gani da idonsu, ba sa gwiguyar katako ko wayar lantarki irin na ɓera. Zancen kashi ta baki kuma daga manyan nan masu cin 'ya'yan itace ya samo asali: su tauna, su tsotse ruwan, su tofar da tuƙar, mai wucewa ya ɗauka kashi ne.

Haɗarin gaske, in ji shi, biyu ne. Busasshen kashinsu yakan ɗauki wani naman gwari da ke kama huhu in an shaƙi ƙurar, shi ya sa ake yayyafa ruwa a rufe hanci kafin shara. Sai cizo: jemage na iya ɗaukar cuta dangin haukan kare, don haka ba a taɓa shi da hannu tsirara, wanda ya ciza kuma ya wanke wurin da sabulu sosai ya nufi asibiti ranar. Da jin haka na matsa wa maigidan muka tafi, aka duba shi, Allah ya ba shi lafiya.

Abin da ya fi zama a zuciyata shi ne tambayar da Baba ya yi mini: "Me kika girka yau?" Na ce tuwo da miyar kuka. Ya ce furen kuka da dare yake buɗewa, jemagu ne ke kai masa barbara, haka ma ɗorawar da ake daddawa da ita, haka rimin da Zariya ke alfahari da shi. Na dubi tukunyata, na tuna waɗanda suka mutu a silin ɗinmu, raina ya sosu ƙwarai.

Ragowar da ke rufin madafi, Baba ya ce a bari sai 'ya'yansu sun iya tashi, don uwa ɗa guda take haifa yawanci. Da lokacin ya yi, muka zauna a tsakar gida bayan magariba har suka gama fita, maigidan ya hau da tocila ya sa raga a kowace kafa, ko da ta kai faɗin ɗan yatsa ce. Inna na kan tabarma tana jan carbi, ba ta ce komai ba, amma turaren ba ta sake kawowa ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin cikina na fari.