Shekara goma sha biyar a kan faranti ɗaya

A zangon da muka fara koyon sassaƙa zane a kan tagulla don bugawa a takarda, babu wanda ya kai ni gaggawa. Malam ya ba kowa ɗan faranti kamar tafin hannu, ya ce a ja layuka a jere, kada ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa. A rana ta uku ƙarfen sassaƙar ya zame mini, ya karce farantin daga tsakiya har baki. Tagulla kuwa ba a goge ta kamar fensir. Sai an kankare wurin, a bubbuga ta baya, a sake lailaye shi. A kan haka na wuni.

Ran nan ne malam ya ba ni labarin Fiyodor Yordan, mutumin Rasha da aka haifa a 1800. Ya koyi sana'ar a makarantar zane-zane ta Sen Pitasbag a hannun Nikolai Utkin. A 1829 aka tura shi Paris ƙaro ilimi, juyin juya halin 1830 ya sa ya koma Landan, daga can ya wuce Roma. A Roma ya ɗauki aikin kwafe zanen ƙarshe na shahararren mai zanen Italiya Rafayel, zanen da ke Batikan, a kan faranti. Bai gama ba sai 1850, bayan shekara goma sha biyar.

Da farko abin ya yi mini kama da ɓata ƙuruciya. Sai da hannuna ya fara faɗawa na gane inda shekarun suka tafi. Rafayel yana da ja da shuɗi, shi kuwa Yordan baƙar tawada kawai gare shi. Kowane launi sai ya mayar da shi layi: a matse su inda duhu yake, a sassauta inda haske ya faɗo, fata da nata irin, tufafi da nasu. Kuma komai a juye ake sassaƙa shi, dama ta koma hagu, don ya fito daidai a takarda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake yin lanƙwasa. Ashe ba ƙarfen ake murɗawa ba. Hannun dama yana riƙe shi waje ɗaya, hagu ne ke juya farantin a kan wani ɗan matashi na fata da aka cika da yashi. Makonni na yi ina kokawa da tagulla da ƙarfin tsiya kafin na yarda da wannan.

Farantin nan yana nan a aljihun teburina. Idan na karkata shi wajen taga, har yanzu ina ganin ɗan kwarin da gyaran ya bari.